An ce ta dawo bayan shekara biyu: labarin wata malamar makaranta da gwajin kansar mama

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da mazan da Allah Ya ɗora wa amanar mata.

Wannan labarin wata malamar firamare ce, uwar 'ya'ya shida, wadda yanzu ta haura hamsin. Ita ta yarda a rubuta shi, bisa sharaɗin kada a ambaci sunanta ko garinsu, don haka Malama zan riƙa ce mata. Mu da ke aiki a ɗakin hoto na asibiti, babu tambayar da mata suka fi yi mana game da gwajin hoton mama kamar "Sau nawa zan riƙa zuwa?" Tambayar tana da amsa, kuma zan kawo ta da alƙalumanta. Amma Malama ta san amsar sarai, kuma saninta ne ya kusa jefa ta cikin halaka, domin rabin bayanin kawai ya iso kunnenta.

Tana da shekara 46 aka kawo gwajin hoton mama a farashi mai rahusa, a watan Oktoba, watan da aka ware a duniya don faɗakarwa kan kansar mama. Ba abin da ke damunta. Abokan aikinta ne suka ce su tafi tare, ta bi su.

Ga wadda ba ta taɓa yi ba, mamogiram eksire ne mai ƙarancin ƙarfi da aka ƙera don mama kaɗai. Mace za ta cire kayanta na sama, ta tsaya gaban na'ura, ma'aikaciya ta ɗora mama ɗaya a kan faranti, sannan wani farantin roba ya sauko ya matse shi. Hoto biyu ake ɗauka a kowane gefe, ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya a karkace don a kamo tsokar da ta miƙe zuwa hammata. Huɗu ke nan. Matsewar tana da zafi, ba amfanin ɓoyewa, amma 'yan daƙiƙu ne, kuma ba don mugunta ake yi ba: sai an baje tsokar sannan ƙaramin ƙulli ke fitowa fili, hoton ba ya girgiza, kuma hasken da ke ratsa jiki yana raguwa. Hasken nan da mata ke tsoro, na gwaji ɗaya bai wuce wanda jikin mutum ke sha daga ƙasa da iska a cikin mako bakwai na zaman duniya ba. Duka aikin minti ashirin ne ko makamancin haka. An fi so a zo a makon da ya biyo bayan gama al'ada, lokacin da mama ya saki. Ranar kuma kada a shafa hoda, ko alimun, ko turaren hammata, ko mai a ƙirji, domin wasunsu na fitowa a hoto kamar fararen ɗigo-ɗigo, irin waɗanda likita ke nema a matsayin alamar farko ta cuta. Riga da zani sun fi doguwar riga sauƙi. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a fara. Wadda ba ta son namiji ya yi mata, ta nemi mace, haƙƙinta ne.

Takardar Malama ta fito da BI-RADS 1. Wannan ma'auni ne da likitocin hoto ke amfani da shi, daga 0 zuwa 6, kuma ya kamata kowace mace ta iya karanta nata. 0 na nufin hoton bai isa ba, a ƙara wani. 1, ba a ga komai ba. 2, an ga abu amma ba na tsoro ba ne. 3, kusan tabbas ba cuta ba ce, yiwuwar ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, amma a dawo bayan wata 6 a sake dubawa. 4, akwai shakka, a ciro tsoka a gwada. 5, alamun kansa sun yi ƙarfi ƙwarai. 6, an riga an tabbatar. Malama ta samu 1, aka ce mata, "Alhamdu lillahi Hajiya, lafiya lau, sai ki dawo bayan shekara biyu." Ta ninke takardar ta sa a cikin akwatin da take ajiye takardun makaranta.

A ƙasan takardar nan akwai harafin C, wanda ba ta kula da shi ba. Shi ne ma'aunin kaurin tsokar mama, daga A zuwa D. Mama ya ƙunshi kitse da kuma tsokar da ke samar da nono. Kitse baƙi yake fitowa a hoto, tsokar nono kuwa fara, kuma ita ma kansar fara take fitowa. Idan mama mai kitse ne, wato A ko B, ƙulli na bayyana tangaran. Idan mai kauri ne, C ko D, aikin ya koma tsintar farar tsakuwa a cikin farar shinkafa. Matan da ba su daina al'ada ba su suka fi wannan kaurin. Ba cuta ba ne, kuma ba a gane shi da taɓawa ko da girman mama, sai a hoto. Ko ba don kauri ba ma, mamogiram yana kuskuren kusan kansa 1 cikin kowace 8.

Wata tara bayan hoton, tana wanka, hannunta ya faɗa kan wani abu mai tauri a maman hagu, ta sama wajen hammata. Nan ne wurin da kansar mama ta fi fitowa, domin nan tsokar ta fi yawa. Ba ya ciwo. Ta danna, bai motsa sosai ba.

A nan ne nake so a tsaya a saurara, don ba jahilci ne ya zaunar da ita ba, lissafi ta yi. Na farko, na'ura ta duba ta ce lafiya, kuma an ba ta shekara biyu, ko ɗaya ba ta cika ba. Na biyu, abin ba ya ciwo. Na uku, 'ya'ya shida ta shayar, kowanne ya kusa shekara biyu kafin yaye, kuma ta ji a rediyo cewa shayarwa na kare mace. Duk ukun akwai gaskiya a ciki, kuma duk ukun sun yaudare ta. Shayarwa tana rage haɗari, kusan kashi 4 cikin 100 a kowace shekara ɗaya ta shayarwa, amma ragewa ce, ba katanga ba. Rashin ciwo kuwa shi ne ɗabi'ar yawancin ƙullin kansa a farkonsa, mai ciwon ma sau da yawa shi ne mai sauƙi. Shekara biyun nan kuma tazara ce da aka tsara wa macen da ba ta jin komai, ba ta ganin komai. Ranar da mace ta ji ƙulli, ranar ta fita daga layin masu gwajin tazara, ta shiga layin masu neman sanin abin da ke jikinsu, ko da jiya aka yi mata hoto. Akwai kansar da ke tsirowa tsakanin hoto da hoto, kuma irin wannan sau da yawa ita ce mai saurin girma.

Da ta nuna wa yayar maigidanta, sai ta ce, "Ke ma dai, tsohon nono ne ya kwanta, ki gasa da ruwan zafi." Ta gasa. Ta je kemis aka haɗa mata ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta, ta shanye, aka canja mata wasu. Aka kawo wani garin magani ana kwaɓawa a shafa. Babu wanda ya nufe ta da sharri a cikinsu. Wata biyar ya tafi a haka, har ta wayi gari da kaluluwa a hammata. Maigidanta ne ya ce, "Maman yara, gobe ba za ki makaranta ba, asibiti za mu."

Abubuwa uku ake haɗawa idan mace ta zo da ƙulli, kuma kada a yarda a tsaya a ɗaya: likita ya duba da hannu, a yi hoto, a ciro tsoka idan akwai shakka. Aka sake yi mata mamogiram, aka ƙara da sikanin, irin na masu ciki, wanda shi ke raba ƙulli mai ruwa da mai tsoka, kuma kaurin mama ba ya rufe masa ido kamar eksire. Wannan karon BI-RADS 5. Ƙullin ya kai santimita 3.

Ciro tsoka ya so ya zama rigima a gidan, saboda maganar da kowa ya sha ji, wai idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya fantsama. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ta jawo asarar rayuka. Abin da ke faruwa shi ne mace ta zo a makare, a taɓa ta, ta rasu saboda cutar da ta riga ta bazu, sai a ɗora wa allura laifi. Aikin kansa ɗan kaɗan ne: a yi allurar kashe zafi, a sa wata allura mai rami a ciro 'yan siraran tsoka, a manna filasta, mace ta koma gida a ranar. Ba a fara maganin kansa sai da wannan sakamakon. Kuma a tabbata an yi gwaji na biyu a kan tsokar, wanda ke nuna ER da PR da HER2, wasu alamomi uku da ake nema a jikin ƙwayoyin kansar, domin shi ke faɗin irin maganin da cutar za ta ji. Wadda ke da ER tana jin ƙwayar da ke toshe sinadarin mata. Mai HER2 tana da nata maganin daban. Akwai wadda ba ta da ko ɗaya cikin ukun, ita ce mai wuyar sha'ani, kuma ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Ta Malama mai ER ce, mataki na 2 cikin 4, ta taɓa hammata amma ba ta kai huhu ko hanta ko ƙashi ba.

An yi mata kemo, wato ƙarin ruwan maganin kashe kansa, duk bayan mako uku, gashinta ya zube ya sake tsirowa, aka cire maman hagu tare da ƙullutun hammata, aka yi mata gashi da na'ura, sannan aka ɗora ta a kan tamoxifen, maganin nan mai toshe sinadarin mata, ƙwaya ɗaya ta miligiram 20 kullum, na shekara 5 zuwa 10. Ta koma aji tana koyarwa. Da ta zo a makon da ta ji ƙullin, akwai kyakkyawan zaton ba zai kai wannan girman ba, wataƙila ma ƙullin kaɗai za a cire a bar mata mamanta. Ita da kanta take faɗar haka ga duk macen da ta zauna kusa da ita a layin asibiti, ba don da-na-sani ba, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

To, sau nawa? Manyan hukumomi ba su haɗu a kan lamba ɗaya ba, kuma gara mace ta san haka don kada ta rikice idan likitoci biyu suka faɗa mata abu daban. A Amurka, kwamitin ƙwararrun da ke ba da shawara kan rigakafi ya ce a 2024 kowace mace ta fara a shekara 40, ta riƙa yi duk shekara 2 har 74. Kafin nan 50 suke cewa. Cikin dalilan da suka sa suka sauko akwai ƙaruwar cutar a 'yan shekara arba'in, da kuma cewa baƙaƙen mata a can sun fi farare mutuwa da ita da kusan kashi 40 cikin 100. Ƙungiyar yaƙi da kansa ta Amurka kuwa cewa ta yi daga 40 zuwa 44 mace na da zaɓin farawa, daga 45 zuwa 54 duk shekara, daga 55 duk shekara 2 ko ta ci gaba da shekara-shekara. A Ingila gwamnati ke aika wa mace takardar gayyata duk shekara 3, daga 50 har ta cika 71. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashen da ke da ƙarfin tsari, mata 'yan 50 zuwa 69 su yi duk shekara 2.

Saɓanin yana da dalili. Yawan hoto yana kamo cuta da wuri, amma yana ƙara kiran banza. Cikin matan da ke yi duk shekara na tsawon shekara 10, kusan rabi za a kira su aƙalla sau ɗaya a ce an ga wani abu, daga baya ya zama ba komai ba, bayan an sha fargaba, an kashe kuɗi, wani lokaci har an ciro tsoka. Akwai kuma 'yar ƙaramar cutar da ake ganowa a yi wa magani alhali da an bar ta ba za ta taɓa cutar da mai ita ba, kuma babu mai iya tantance ta tun farko. Yin hoto duk shekara 2 yana riƙe mafi yawan amfanin, yana rage wannan wahalar sosai. A ɗaya gefen, kansar macen da ba ta daina al'ada ba ta fi saurin girma, shi ya sa masu cewa shekara-shekara suka fi matsawa a kan 'yan arba'in zuwa farkon hamsin.

A Najeriya babu mai aiko wa mace takardar gayyata. Kansar mama ita ce kan gaba a cikin kansar mata, sabbin kamuwa sun haura 30,000 a shekara bisa ƙiyasin 2022, yawancin mata suna zuwa a mataki na 3 ko na 4, kuma da yawansu ba su kai hamsin ba. Saboda haka, a ganina, tsarin Ingila na jira sai 50 bai dace da matanmu ba. Macen da ba ta da wani ƙarin haɗari ta fara a 40, kuma kada tazararta ta wuce shekara 2. Idan takardarta ta nuna C ko D kuma tana tsakanin 40 da 54, ta tattauna da likitanta kan yi duk shekara ko ƙarawa da sikanin. Bayan ɗaukewar al'ada mama yana ƙara kitse, hoto yana ƙara fitowa, shekara 2 ta wadatar. Ɗaukewar al'ada ba sallama ba ce, haɗarin ƙaruwa yake da shekaru.

Na san inda maganar za ta tsaya wa mata da yawa: na'urar tana manyan asibitoci ne a birane irin su Kano da Zariya da Sakkwato da Abuja, ga kuɗin mota, ga na hoto. Wadda ba ta da hali ba a bar ta hannu rabbana ba. A Mumbai ta ƙasar Indiya an bi mata kusan 150,000 na tsawon shekara 20, inda ma'aikatan lafiya da aka horar suke duba maman kusan rabinsu da hannu kawai duk shekara 2. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna an riƙa gano cutar tun ba ta yi nisa ba, kuma mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a matan da suka kai 50. Don haka sau ɗaya a shekara mace ta je asibitin da ya fi kusa, ta ce wa nas ko ungozoma ta duba mata mama. Duba na gaske ana yin sa a zaune da kuma a kwance, da tafin yatsu uku na tsakiya, a bi duk maman, a shiga hammata, a taɓa saman ƙashin wuya. Wanda aka yi ta saman riga cikin daƙiƙa goma ba duba ba ne.

Tsakanin wannan da wancan, mace ta san jikinta. Sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan gama al'ada, ko rana ɗaya tsayayya ga wadda ta daina, ta tsaya gaban madubi hannu a ƙasa, sannan hannu a sama, sannan ta lalube da sabulu a wanka. Wannan shi kaɗai ba ya maye gurbin hoto, amma a wurinmu hannun mace ne ke fara gano yawancin cutar. Ba ƙulli kaɗai ake nema ba. Kan nono da ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini ko ruwa da ke fita da kansa daga gefe ɗaya, fata da ta lotsa ko ta yi kauri da ƙananan ramuka, ƙaiƙayi da saɓa a kan nono da suka ƙi warkewa, kaluluwa a hammata, mama ɗaya da ya canja girma ko ya yi ja da zafi ba tare da shayarwa ba. Ko mai shayarwa ce, kumburin da ya sha magani mako ɗaya zuwa biyu bai sauka ba, hoto yake buƙata, ba canjin ƙwaya ba. Yawancin ƙulli ba kansa ba ne, amma yatsa ba ya iya rabewa. A shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021, burin shi ne daga ranar da mace ta kai kukanta asibiti zuwa ranar da aka tabbatar da abin da ke damunta kada a wuce kwana 60. Idan ana ta ɗage miki rana, ki riƙe wannan lambar ki yi magana.

Cutar Malama ta canja lissafin gidansu gaba ɗaya. Wadda mahaifiyarta, ko 'yar uwarta ta ciki ɗaya, ko 'yarta ta yi wannan cuta, haɗarinta ya kusa ninkawa. Ƙa'idar da likitoci suka saba bi ita ce a fara hoto shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta 'yar uwar, kuma a riƙa yi duk shekara. An gano ta Malama tana 47, don haka ƙannenta da 'ya'yanta mata 37 ne mafarinsu, ba 40 ba. Dangin uba ma ana lissafa su, kuma maza kan kamu, kusan 1 cikin 100 na masu cutar. Inda aka sami mutum biyu ko uku a gida ɗaya, ko kansar ƙwan mahaifa, ko wadda ta kamu tana ƙuruciya, ana zargin gadon lahani a ƙwayar halittar da ake kira BRCA1 ko BRCA2, kuma irin waɗannan tun daga wajen shekara 30 ake sa musu ido, da mamogiram da hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, duk shekara. Haka ma wadda aka taɓa yi wa gashi da na'ura a ƙirji tana yarinya.

Ita kanta Malama duk shekara ake ɗaukar hoton maman dama da ya rage. A shekarun farko tana ganin likita duk wata 3 zuwa 6, ana duba tabon aikin da hammata. An gargaɗe ta kan abubuwa uku: jinin da ya zo ba lokacinsa ba ko bayan ɗaukewar al'ada, kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, waɗannan biyun saboda tamoxifen, sai kumburin hannun da aka yi aiki a gefensa. Duk hotunanta da takardunta suna cikin jaka ɗaya da take zuwa da ita, domin likitan hoto yana kwatanta na bana da na bara, kuma tsohon hoto kan hana a yi wa mace ciro tsokar da ba ta buƙata.

Ƙanwarta mai bi mata ta je nata hoton tana 43, ta sami BI-RADS 3 a gefen dama. Ta koma bayan wata 6 kamar yadda aka rubuta, aka ci gaba da bibiya har shekara 2 ƙullin bai canja ba, aka mayar da shi 2, ta koma layin shekara-shekara.